TARIHIN JIRGIN RAGAMA, DA WANI BASHI DA KE WUYANA

 Edita ne ya tsare ni a wurin taronmu na bara, ya ce lalle in rubuta wani abu a kan ƙungiyar nan ta masu ƙera ƙananan jirage da aka taɓa yi a makarantarmu, domin a cewarsa yaran yanzu in an ba su labarin sai su ɗauka tatsuniya ce. Na yi ta noƙewa, don ni ba marubuci ba ne. Abin da ya sa na amsa shi ne rasuwar abokina, ɗan ajinmu kuma maƙwabcin gadona a ɗakin kwana, wanda 'yan zamaninmu duk sun san shi, ba sai na kama suna ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Akwai wata magana tsakanina da shi wadda ta shafi jiragen nan, kuma na ga ya kamata ku ji ta daga bakina tun ina da sauran numfashi. Amma bari in fara da bayanin abin da kansa, saboda ƙannenmu da ba su riske shi ba.

MENE NE JIRGIN RAGAMA?

Mu ne muka laƙaba masa wannan suna, don yadda mai shi ke tsayawa a tsakiyar fili yana kewayawa da shi ya yi kama da mai horar da doki. Ƙaramin jirgi ne mai inji da farfela, wanda faɗin fukafukinsa bai cika wuce ƙafa uku zuwa biyar ba. Wayoyi biyu na ƙarfe, sirara kamar zare, masu tsawon ƙafa 50 zuwa 70, su suka haɗa shi da wani mariƙi da ke hannun matuƙi. A jikin jirgin wayoyin suna kama da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku wanda ke juyawa a kan ƙusa, shi kuma yana tura wata sanda da ke motsa leɓen wutsiya. In ka karkata hannu sama, waya ɗaya ta ja, leɓen ya ɗaga, jirgi ya hau. In ka karkata ƙasa, ya sauko. Iyakar abin ke nan. Babu birki, babu rage wuta. Da zarar inji ya tashi, to, sai mai ya ƙare.

Jirgin kan kewaya fili sau ɗaya cikin daƙiƙa biyar ko sama da haka kaɗan, watau gudun da ya kai mil 50 a awa. Ku ɗauka an kife wata ƙatuwar ƙwarya a kan mutum, jirgin yana yawo a jikinta ta ciki. Duk wasan da za a yi, a jikin ƙwaryar nan ake zana shi, kuma ƙasa tana nan tana jira.

ASALINSA

A Amurka aka haifi wannan wasa. A shekarar 1937 wani mutumin jihar Oregon mai suna Oba St. Clair ya tashi jirginsa da wayoyi, don dajin da yake zaune ba shi da sararin da za a saki jirgi ya tafi abinsa. Amma wanda ya yaɗa abin shi ne Jim Walker na birnin Portland, wanda ya fito da jirgin Fireball a 1940, ya kuma yi wa dabarar wayoyi biyu rajista da sunansa. Gwanin nuna wasa ne na gaske, har yakan tashi jirage uku a lokaci guda, biyu a hannuwa, na ukun a maƙale da hular kwanon da ke kansa. Daga baya shari'a ta haɗa shi da L. M. Cox mai ƙera injuna, kuma a 1955 kotu ta soke rajistar saboda aikin St. Clair ya riga nasa. Wannan hukunci ya buɗe wa kowa ƙofa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa uku suka haɗu. A 1947 Ray Arden ya fito da fulogi mai ɗan zaren ƙarfe da ke ci gaba da yin ja da kansa bayan an cire batir, saboda haka jirgi ya huta da ɗaukar batir da sauran tarkacen wuta. Sa'an nan a ƙarshen shekarun 1940 Duke Fox ya ƙera injin Fox 35, mara nauyi, wanda ya zama abin hawan kowa shekara da shekaru. Na uku kuwa gwanayen zane ne. Bob Palmer ya shahara da sa wa fukafuki leɓe mai motsi tare da na wutsiya, don jirgi ya iya karya kwana sosai. Matt Kania ya zana Ringmaster, mai sauƙin gini da jure wahala, wanda kamfanin Sterling ya sayar da shi ba adadi. George Aldrich kuma ya zana Nobler a farkon shekarun 1950, kuma shi ne ginshiƙin tsara jerin wasannin da ake bi a gasa har yau.

Jerin ya ƙunshi tashi, da ƙetare kai, da zobe uku na ciki, da tafiyar rigingine, da zobe uku na waje, da murabba'i na ciki da na waje, da alwatika, da takwas kwance, da takwas mai kusurwa, da takwas tsaye, da wata siffa mai tsukakken ƙugu kamar kalangu, da takwas ta bisa kai, da ganye huɗu, sa'an nan sauka. Ƙasan yawancin siffofin dole ya tsaya wajen ƙafa biyar daga doron ƙasa. An yi gasar duniya ta farko a ƙasar Hungari a 1960, inda Louis Grondal na Beljiyam ya zo na ɗaya. Bayansa gwanaye irin su Josef Gabris na Cekoslobakiya, da Bill Werwage da Bob Gieseke da Les McDonald na Amurka suka ɗauki kambin.

A Ingila kuwa, da yake ita ce ta shafe mu, ƙananan injunan dizal suka fi yawa. Ba su da fulogi ko batir, matsi kaɗai ke kunna mansu. Kamfanin Keil Kraft ya cika kantuna da jirage irin su Phantom, mujallar Aeromodeller kuma tana buga zane-zane kowane wata. A 1958 ta buga Peacemaker, wanda Aldrich ɗin nan ya zana domin injin dizal mai cc 2.5. Ku riƙe sunan wannan jirgi.

YADDA YA ISO MAKARANTARMU

Na shiga aji ɗaya a 1963. Zamani ne da zancen jirgin sama ke bakin kowane yaro. Dattawa suna ba da labarin jirage uku na sojan Ingila da suka fara sauka a Kano a 1925, ga shi kuma a 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Malaminmu na kimiyya, Baturen nan dogo mai yawo da gajeren wando ko da sanyin hunturu, shi ya dawo daga hutu da akwati cike da katakon balsa, da injuna uku, da tsofaffin mujallu. Ya kafa ƙungiyar da mu goma sha biyu, muna haɗuwa ran Laraba da la'asar a ɗakin koyon sassaƙa.

Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta langa-langa, yanka da liƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya zame mana sabo shi ne awo. Malam yakan ce in haƙarƙarin fukafuki ɗaya ya kauce da kaurin farce, jirgi zai tona asirinka a sama. Balsa daga Ekwado take fitowa, kuma tamu ba ta da yawa, saboda haka muka riƙa haɗawa da tukurwa a wuraren da ba sa ɗaukar nauyi. Wata rana Malam ya nuna mana wani farin katako, ya ce sunansa obeche, daga kurmin ƙasarmu ake kai shi Ingila, kuma lokacin yaƙi da balsa ta yi wuya da shi masu ƙera jirage a can suka rufa wa kansu asiri. Ranar mun yi ta hura hanci.

Man injin kuwa abu uku ake haɗawa: kananzir, da man zurma, da wani sinadari mai suna eta, irin wanda a da ake shaƙa wa majiyyaci kafin tiyata. Eta tana tafasa tun zafi bai wuce awo 35 ba, saboda haka da bazara in ka bar kwalba a buɗe, kafin ka juya ta gudu, inji kuma ya ƙi tashi. A cikin randa muke ajiye kwalbar. Duk wanda ya yi ƙungiyar nan yana da tabon farfela a ɗan yatsansa na dama, nawa yana nan har gobe. Mun fara koyo da ƙaramin Phantom Mite, kuma babu wanda bai sha jiri ya faɗi ba kamar mai wasan hajijiya, kafin muka gane cewa jirgin ake kallo, ba itatuwan bayansa ba.

Cikin mu duka babu kamar marigayi. Shi ya fara yin zobe, shi ya fara tafiyar rigingine. Hannunsa a kwance yake, ba ya firgita.

RANAR BA DA KYAUTUTTUKA TA 1965

A wannan shekara muka gina Peacemaker, muka ɗora masa babban injinmu guda ɗaya tilo. Wata uku muna aikinsa. Shugaban makaranta ya yarda a nuna shi a filin ƙwallo a gaban baƙi. Marigayi ne matuƙi, ni ne mataimaki. Dokar Malam ita ce mataimaki ya maƙala wayoyi a jikin jirgi, matuƙi ya karkata hannu sama, mataimaki ya duba da idonsa ya ga leɓen wutsiya ya ɗaga, sa'an nan ya ɗaga hannu alamar kome daidai.

Abin da kuka gani ranar shi ne na saki jirgi, bai yi rabin fili ba ya soka kai ƙasa, ya tarwatse a gaban rumfar baƙi. Ƙarfen farfela ya lanƙwashe, injin bai sake aiki ba. Kowa ya ce matuƙi ne ya ruɗe da ganin manyan mutane. Malam ya hana shi tuƙi har ƙarshen zango, shi kuma bai sake komowa ƙungiyar ba. Sunan tsokanar da aka sa masa ranar ya bi shi har tsufa.

Abin da ba ku gani ba shi ne ni na sarƙe wayoyin. Ta sama na maƙala a gurbin ta ƙasa. Na ɗaga hannu ban duba wutsiya ba, don hankalina yana kan rumfa. Saboda haka da ya ja sama sai jirgi ya yi ƙasa, da ya ƙara ja sai ya ƙara nutsewa. Ni na fara isa wurin tarkacen, kuma kafin Malam ya ƙaraso na kwance wayoyin. Da aka tambaye ni na ce ban ga kome ba.

GASAR TSOFAFFIN JIRAGE

Malam ya koma ƙasarsu a 1967, ƙungiya ta mutu. A duniya ma wasan ya ja baya, domin a shekarun 1970 jirage masu aiki da rediyo sun yi araha, samari suka koma can. Waɗanda suka rage kuma jiragensu suka ƙara girma da tsada. Wannan ya sa wasu suka waiwayi na da. A 1970 John Miske na jihar New Jersey ya fara shirya gasar da ba a shiga sai da jirgin da aka zana kafin ƙarshen 1952, a kuma bi jerin wasannin wancan zamani. Daga baya aka ƙara wani rukuni na jiragen da aka zana kafin 1970. Abin ya bunƙasa har ya zama babban taron shekara-shekara da aka daɗe ana yi a Tucson ta jihar Arizona. Ingila ma ta yi nata rukunin na tsofaffin zane.

Aiki ya zaunar da ni a Ingila daga 1991 zuwa 1999. Wata Lahadi a 1993 na kai yara Old Warden, inda ake ajiye tsofaffin jiragen Shuttleworth, ashe ranar ta masu ƙananan jirage ce. Tun daga wurin ajiye mota na ji warin man zurma da ya ƙone. Wallahi sai da na tsaya cik. Shekara ashirin da takwas suka zube kamar ba a yi su ba. Na bi warin har na iske waɗansu dattawa masu furfura suna juyi a tsakiyar ciyawa. Ɗaya daga cikinsu ya ga tabon yatsana, ya yi dariya, ya miƙo mini mariƙi.

Da sanyin wannan shekara na gina Ringmaster a kan teburin cin abinci, uwargida tana ta ƙorafin warin fenti. Faɗinsa inci 42 ne, na sa masa Fox 35 da wayoyi masu ƙafa 60. Wannan inji yana da wata ɗabi'a da ta sa ake sonsa. In an daidaita mansa, a tafiyar miƙe yana gunaguni ne a hankali, da jirgi ya ɗaga kai sai muryarsa ta tsananta ya ƙara ƙarfi, in ya juyo ƙasa kuma ya koma gunaguninsa. Kamar dokin da ya san hanya.

Dokar gasar tana da tsanani ta wajen gini. Ba a yarda ka sauya siffar jirgi ko girmansa daga yadda mai shi ya zana ba. Kafin ka tashi sai an ja wayoyinka da ma'auni a tabbatar ba za su tsinke ba. Alƙalai suna zama ta inda iska ke fitowa, kai kuma ka ba iska baya ka yi wasanka, don ita ke riƙe maka wayoyi a miƙe. Jerin na da ya fi na yanzu sauƙin kusurwa, amma yana da nasa tarko: akwai hawa a tsaye, da saukowa a tsaye, da zobe biyar-biyar a maimakon uku, kuma tsohon jirgi mara leɓen fukafuki ba ya yafe kuskure.

Gasata ta farko a 1994 ce, a filin wata ƙaramar ƙungiya. Mu goma sha ɗaya ne, ni na zo na goma sha ɗaya. Na ɓata lissafin zobe na yi shida, sa'an nan ban auna mai daidai ba, inji ya mutu ina tsakiyar takwas ta bisa kai. Wayoyi suka saki, na yi ta gudu da baya har Allah Ya sa suka miƙe, na sauke shi a rigingine. Wani tsoho da ya fara wasan tun 1948 ya zo ya zauna kusa da ni, ya nuna mini yadda ake auna mai da sirinji, ya ce in riƙa ƙirga zobe da baki, ba da zuci ba. Daga ranar da Hausa nake ƙirgawa, da ƙarfi, har suka haddace ɗaya zuwa biyar. Na halarci babban taron ƙasa da aka daɗe ana yi a filin sojan sama na Barkston Heath cikin watan Agusta, na ga gwanayen da murabba'insu kamar da rula aka ja. Mafi kyawun abin da na taɓa samu shi ne na uku cikin tara, a 1997, ranar da iska ta kori waɗanda suka fi ni.

Abokan wasana sun lura da wata al'ada tawa. Kafin kowane tashi sai na duba wutsiya sau uku, ko ni ne matuƙi ko mataimaki. Suna yaba mini da natsuwa. Ni kaɗai na san dalili.

BIYAN BASHI

Da na zo hutu a 1998 na tafi gidan marigayi takanas. Bayan mun ci tuwo na ce, “Mutumina, akwai abin da na ɓoye maka shekara talatin da uku.” Na kwashe duka na faɗa masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, “Haba mutumina, ai na sani tun ranar. Hannuna ya gaya mini tun jirgin bai taɓa ƙasa ba, kuma ina kallonka kana kwance wayoyin.” Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce, “Ka manta Malam ya riga ya yi maka kashedi sau biyu? Da na faɗa, korarka zai yi. Ni ina da ƙwallo, kai kuwa in an raba ka da jiragen nan me ya rage maka?” Ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma kada in tayar da tsohon zance.

Na bi maganarsa, kuma yanzu ina ganin kuskure na yi. A wurin zaman makokinsa na ji wani ɗan ajinmu ya ambaci sunan tsokanar nan, ba da mugun nufi ba, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa. To, ku shaida. Bai ruɗe ba, bai firgita ba. Shi ne gwanin da ya fi kowa a cikinmu, ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ya bar abin da yake so don ya rufa wa abokinsa asiri. Duk wasan da na yi a Ingila, rabonsa ne na ci. Ina roƙon iyalinsa gafara, ina kuma roƙon 'yan ajinmu a binne wannan suna daga yau. Malam ma, in da rai ko babu, na zalunce shi da na sa ya hukunta mara laifi.

ROƘO GA ƘUNGIYA

Da na ziyarci makaranta na iske ɗakin sassaƙa a kulle, rufinsa yana yoyo. Wasan nan bai mutu ba a duniya, har ma ya yi sauƙi, domin yanzu da yawa daga cikin gwanaye da injin lantarki da batir suke tashi, ba eta, ba man zurma. Abin da ake bukata shi ne fili mai nisa da wayoyin lantarki, da malami guda mai sha'awa, da ɗan kuɗin katako da gam. Ni na ba da jirage biyu, da injuna uku, da zane-zanen da na tara, kuma muddin ƙafafuna suna ɗaukata zan riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa maganar gyaran ɗakin cikin ajandar taro mai zuwa, kuma in an farfaɗo da ƙungiyar jiragen a sa mata sunan marigayi. Yaron da ya gina jirgi da hannunsa zai koyi awo da haƙuri, zai kuma koyi cewa in ya ɗaga hannu ya ce kome daidai, to, wani ya dogara da maganarsa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Allah Ya ɗaukaka makarantarmu, amin. Wassalam.